Ramin sokawe, tasar kaka da takardun gafaka: aikin da masu binciken kayan tarihi suka yi mana a Sabon Zango

Saura kwana tara a kama azumin bana muka sa leburori haƙa sabon ramin sokawe a bayan gidanmu na gado da ke Sabon Zango, nan Ankara, babban birnin Gana. Ina shagona a Abosokai, inda nake sayar da kayan gyaran mota, sai ƙanena ya bugo waya ya ce in zo in ga abin da cebur ke fitarwa. Na tarar sun tara su a kan buhun siminti: tsingaro cike da tafi biyu, fasassun kwalabe masu kusurwa huɗu, guntun farar tukunyar taba, duwatsun wuya guda bakwai, da wuri, irin kuɗin da, wajen sittin. Gidan nan kakan babana ya gina shi. A cikinsa aka haifi babana, a cikinsa aka haife ni, ban taɓa tunanin akwai abin da ke kwance ƙarƙashin inda muke shanya ba.

Kafin la'asar labari ya zaga layi. Washegari wani mutum ya yi sallama, ya ce yana sayen tsofaffin kaya. Bai ko kalli tsingaron ba. Abin da ya tambaya shi ne ko muna da tsohuwar tasa ko takardun Larabci a cikin gida. Muna da su kuwa: tasar tagulla da Gwaggo, yayar babana, ke ajiye da ita a ƙarƙashin gado, da wata gafaka da ba a buɗe ba tun rasuwar kakanmu. Ya yi tayi mai tsoka. 'Yata ta biyu da ke karatu a Jami'ar Legon ce ta tare ni. Ta ce, "Baba, kada ka sayar da abin da ba ka san mene ne ba. Bari in haɗa ka da wasu." Su ne nake son in ba da labarin aikinsu, don na san a kowane zango na ƙasar nan akwai gida mai irin gafakarmu.

Su huɗu ne, suna da ɗan ƙaramin ofis a wajen Madina. Shugabarsu mace ce da ta karanci ilimin haƙar kayan tarihi. Na biyu saurayi ne da ya karanci sinadarai ya kuma koyi adana tsofaffin kaya. Ta uku yarinya ce mai aikin taswira da kwamfuta. Na huɗu wani malamin zaure ne daga Nima, dattijo, mai karanta Larabci da ajami, wanda suke kira duk lokacin da aiki ya haɗa da takarda. Aikinsu shi ne su zo gidanka, su duba abin da ka gada ko ka tsinta, su gaya maka mene ne shi, na yaushe ne, da yadda za ka adana shi. Ba sa saye, ba sa sayarwa, ba sa yi wa kaya kuɗi. Tun ranar farko shugabar ta gaya mini cewa dokar Gana ta 1969 ta hana a yi haƙa don neman kayan tarihi, ko a fitar da su daga ƙasa, sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta ƙasa. Saboda haka su ba za su ƙara ramin ko da taki ɗaya ba. Abin da leburori suka riga suka buɗe za su duba, kuma za su sanar da hukumar abin da aka samu. Mun daidaita a kan sidi 1,800, zuwa uku da rahoto a rubuce.

Da ta ga kayan a kan buhun siminti, ranta bai yi daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Alhaji, rabin labarin ya tafi da cebur. Abin da ke sama da abin da ke ƙasa duk an gwamutsa su." A lokacin na ji kamar ta cika tsanani. Sai da ta sauka cikin ramin da ƙaramin cokalin magini, ta kankare bango guda ya yi sumul, sannan na fahimci nufinta. Ƙasar ta fito hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Sama baraguzan siminti da leda. Ƙarƙashinsu jar ƙasa da aka zuba aka daɓe. Sannan wani farin layi na toka, kaurinsa ya kai tsawon tafin hannuna. Ƙarƙashin tokar baƙar ƙasa mai tsingaro, daga nan sai yashi wanda ba hannun mutum a cikinsa.

Tokar nan ita ta fara nuna mini amfanin zuwansu a haɗe. Shugabar ta duba kaurinta ta ce tana zaton gobara ce ta taɓa cin wannan ɓangaren gidan. Gwaggo tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno a bakin ƙofa, carbi a hannu, shekarunta sun haura 80, ba wanda ya tambaye ta. Sai ta ce, "'Yar nan, wuta ba ta taɓa cin gidan nan ba. Nan ne kakata ke zubar da toka in ta gama tace ruwanta. Sabulun salo take dafawa." Na zaci za a yi mata murmushi a wuce. Shugabar ta fito daga rami, ta wanke hannu, ta durƙusa gabanta ta ce, "Hajiya, da me take ƙona tokar? Da wane mai take dafawa?" Gwaggo ta ce ɓawon ayaba da ɓawon koko ake busarwa a ƙona, man alayyadi kuma a gida suke fasa ƙwara su toya.

Saurayin nan ya ɗebi tokar cikin bokiti, ya zuba ruwa, ya dama a hankali. Abin da ya ƙone ya zama gawayi ba shi da nauyi, sai ya taso sama, ya tare shi da rariya mai laushi kamar ta tankaɗe. Da ya bushe ya shimfiɗa a farar takarda, ga ɓawon ƙwarar manja baƙi ƙirin, gutsattsari, ba iyaka. Babu ƙusa ko ɗaya, babu ƙonannen katakon rufi, babu ƙasar bango da wuta ta gasa. Sannan a bangon ramin, daidai ƙarƙashin tokar, shugabar ta zaro wani abu zagayayye da ƙasa ta manne masa. Ya goge shi da tsinke da auduga, ya haska tocila a karkace. Kwabo ne mai huda, irin na Afirka ta Yamma ta Ingilishi, mai tauraro da ɗan rubutun Larabci, shekararsa 1920. Ta ce to, tokar ba za ta girmi 1920 ba, tunda kwabon ya riga ta kwanciya. Gwaggo kuwa tana yarinya ta ga ana zuba ta. Shaida uku suka haɗu, ta baki, ta rariya da ta kwabo, kuma shugabar da bakinta ta ce zatonta na farko kuskure ne. Daga ranar na yarda da ita.

Wurin kuɗin da muka tsinta ma ashe iri biyu ne. Akwai ƙanana masu ɗan ƙusumbi, waɗanda asalinsu tsibiran Maldibis ne a Tekun Indiya, akwai masu zoben ruwan ɗorawa a baya, na gaɓar Afirka ta Gabas wajen Zanzibar, waɗanda 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgowa a jiragen ruwa daga wajen 1845 har darajar kuɗin ta karye. Namu yawancinsu masu zobe ne.

Zuwa na biyu na tasa ne. Abin da muka tashi muna ji shi ne kakan babana ya taho da ita daga Salaga, kuma asalinta daga Masar take. Saurayin ya fito da wata na'ura mai kama da abin auna zafin jiki na lokacin korona, sai dai ta fi nauyi. Hayarta suke yi, ba tasu ba ce. Ya ɗora bakinta a gindin tasar, cikin ƙasa da minti ɗaya lambobi suka fito: jan ƙarfe da tutiya, tutiyar kashi 35 cikin 100, dalma kuwa kusan babu. Ya ce maƙeran da, a Masar ko a Turai, da irin dabarar da suke haɗa tagulla, da ƙyar tutiya ke wuce kashi 30. Mai yawa haka, mai tsabta haka, aikin masana'antar Turai ne na ƙarni na 19 zuwa sama. Ya juya ta ya nuna mini wasu siraran layuka da suka zagaye cikinta. Wannan ba sai an yi mini bayani ba, shekara 30 ina riƙe diskin birki. Sawun inji ne mai juyawa, ba na guduma ba.

Raina ya sosu, ba don kuɗi ba, don Gwaggo. Amma shugabar ta ce ba a gama ba, domin zanen da ke bayan tasar ba na inji ba ne, kuma a cikinsu babu wanda ya san shi. Ta tambaya ko akwai tsohon maƙerin fari a unguwa. Akwai, wani dattijo Banufe da idonsa ya yi rauni, ya bar wa 'ya'yansa maƙera. Aka ɗauko shi. Bai duba tasar ba, shafa ta ya yi da babban yatsa, ya bi ganyen da aka zana har ya zagayo. Ya ce bugu ne da ƙananan ƙarafa, ɗigo bayan ɗigo, salon mutanen Bida. Ya ƙara da cewa shi ba zai rantse a Bida aka yi ba, domin Nufawa maƙera sun zauna a zanguna da yawa a kan hanyar Gwanja, suna sayen tasar Bature fara su yi mata ado. Hakan aka rubuta, ba a ƙara gishiri ba.

Shugabar ta yi wani abu da na yaba. Ta koma wajen Gwaggo ta gaya mata cewa maganar Masar ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan. A garin Nsawkaw da ke yankin Bono akwai manyan tasoshin tagulla masu rubutun Larabci, waɗanda aka ƙera a zamanin Mamalik na Masar, wajen ƙarni na 14, suka ƙetaro Sahara. Garin yana kusa da kufan Begho, babbar kasuwar zinariya ta da, inda Farfesa Merrick Posnansky da ɗaliban Legon suka yi haƙa daga 1970. A can ma, in ji ta, dattawan ƙauyen Hani ne suka nuna musu ina ce unguwar Musulmi, ina ce ta maƙera, kafin a sa cebur. Gwaggo ta ce, "To, tamu ƙanwarsu ce." Ta karɓi abarta ta mayar ƙarƙashin gado.

Zuwa na uku shi ne ba zan manta ba. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, saurayin ya kwance gafakar, Malam ya gyara zama ya sa tabarau. Warƙa 43 ne, gara ta ci gefen wasu. Yawancinsu addu'o'i ne da wani yanki na littafin fiƙihu da aka kwafa da hannu. Amma shida daga ciki ajami ne, Hausa tsantsa, kuma lissafin bashi ne. Malam yana bi da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba, yana karantawa a hankali: wane, goro ƙwarya arba'in; wane, keso biyu, ya biya ɗaya. Shugabar ta tsayar da shi ta tambayi ma'anar keso. Malam ya ce buhun tabarma ne mai cin wuri 20,000, ƙwaryar goro kuma guda 100 ce. Ta ce ta sha haƙo wuri a wurare, ta ƙirga su ɗaya-ɗaya, yau ne ta fara jin mai su yana lissafinsu da bakinsa.

Sai saurayin ya ce a rufe taga. Ya sa wani siririn allo mai haske a ƙarƙashin warƙa ɗaya. A cikin jikin takardar, ba a kanta ba, jinjirin wata guda uku suka bayyana a jere, babba, matsakaici, ƙarami. Malam ya ce tun yana almajiri yake ganin wannan alama a littattafan malamansa in an ɗaga su ga rana, bai taɓa sanin daga ina take ba. Saurayin ya ce tambarin masu yin takarda ne na arewa maso gabashin Italiya, waɗanda suke yi musamman don kasuwar Musulmi, ana kai ta Tarabulus da Alƙahira, raƙuma su ƙetaro da ita zuwa Barno da Kano. Wato takardar ba ta jirgin ruwan Ankara ta shigo ba, ta arewa ta biyo, hanyar da mai ita ya biyo. Shi mai allon haske bai iya karanta harafi ɗaya na abin da ke kai ba. Malam kuma bai san mafarin takardar da ya ƙare rayuwarsa a kanta ba. Na zauna tsakaninsu ina kallon kowa yana cike wa ɗan'uwansa giɓi, hawaye suka zo mini, domin hannun kakan babana ne a gabana, mutumin da ko hotonsa ba mu da shi.

Babu shekara a takardun, amma sunayen garuruwa biyu sun fito, Salaga da Kete. Nan yarinyar taswira ta shigo. Tun zuwan farko take bai wa kowane abu lamba, ta ɗauki hotonsa, ta rubuta zurfin da aka same shi. Yanzu ta ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau a kwamfutarta. Salaga tana nan inda take. Tsohon Kete Kirachi kuwa ruwa ya shafe shi, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Bolta ya cika, aka tayar da mutane kusan 80,000. Malam ya ce lissafin ya yi daidai da abin da aka sani: bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse, da yawa suka koma Kete, har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙin Hausa da Larabci, wanda ya rasu a can a 1934. Sun yi taka-tsantsan, suka rubuta cewa ga alama lissafin na shekarun da suka biyo bayan 1892 ne, kuma takarda tana iya daɗewa a ajiye kafin a yi rubutu a kanta.

Na tambaye su gwajin nan na gawayi da ake ji a rediyo, mai faɗin shekarun abu. Suka ce kada in ɓata kuɗina. Ga abin da ya kai shekara dubu yana da amfani, amma na shekara ɗari ko ɗari biyu amsarsa a warwatse take fitowa, kwabon 1920 ya fi shi gaskiya. Mai neman kuɗi kawai da ya ce in kawo.

Cikin kuɗin har da rakiya zuwa ɗakin kayan tarihi na sashen ilimin haƙar kayan tarihi a Jami'ar Legon, sashen da aka kafa tun 1951. Na tafi da jikokina biyu. A can na ga mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Koma, daga Yikpabongo a arewa, inda Farfesa James Anquandah ya fara haƙa a 1985. Ni Musulmi ne, ba ruwana da abin da aka bauta wa, amma sanin yadda mutanen da suka riga mu a ƙasar nan suka rayu ilimi ne. Shugabar ta ce shekaru ana kallon su daga waje kawai. Da Farfesa Benjamin Kankpeyeng ya haɗa hannu da masana na Jami'ar Mancesta a Ingila, aka sa wasu a na'urar hoton ciki irin ta asibiti, sai ga ramuka sun gangara daga ka, kunne, hanci da baki zuwa ciki, alamar ana zuba musu wani abu. Masu binciken ƙwayoyin halitta suka bi ramukan suka samo burbushin ayaba da na ciyayi. Abin da ya fi kama jikokina kuwa shi ne gero da wake. A Birimi, kusa da Gambaga, an samu ƙonannen gero mai shekara wajen 3,500, a kusa da Kintampo kuma an samu wake mai irin wannan tsufa, duk da dabarar bokiti da rariya da suka gani a bayan gidanmu. Ƙaramin ya ce, "Kaka, ashe koko da ƙosai sun girmi kowa."

Yanzu inda suka gaza, don ba zan rufe ba. Sun ce rahoto mako biyu, sai da ya yi mako biyar, kuma ni ne mai bin su da waya. Da ya zo, shafi 22 ne na Turanci mai nauyi, ko 'yata sai da ta yi ta duba ƙamus. Gidan da aka yi aikin da Hausa ake magana, takardun da aka karanta Hausa ce, me zai hana shafi biyu da Hausa? Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne bangon rahoton. Sunaye uku ne a kai, na masu digiri. Malam yana can ƙarshe cikin godiya. Gwaggo da dattijon maƙeri an kira su "majiya ta ɗaya" da "majiya ta biyu". Na ɗauki rahoton na hau mota har Madina. Na ce wa shugabar, "Malama, wa ya gyara miki maganar gobara? Wa ya gane zanen tasa? In da babu Malam, wa zai karanta keso?" Na tuna mata abin da Malam ya gaya mini, cewa tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, wanda ake yawan jingina wa Ivor Wilks, Alhaji Usmanu Boyo ne ya yi ta yawo gari-gari a shekarun 1960 yana roƙon malamai su ba da aron littattafansu a ɗauki hoto, kuma don ana ambaton sunansa ne har yau muka san shi. Ta yi shiru, sannan ta ce a makaranta an koya musu ɓoye sunan mai ba da labari don kare shi, amma ya kamata ta tambaye su abin da suke so. Ba ta yi gardama ba. Har yanzu ina ganin kason da suke ba Malam ya yi kaɗan in an gwada da aikinsa, na kuma gaya mata.

Wanda ke neman a ce masa kayansa na miliyoyi ne, kada ya kira su, zai sha takaici. Wanda kuma ya ci karo da wani abu a rami, ya tsayar da leburori nan take, ya ɗauki hoto da waya tun abin yana cikin ƙasa, kada ya wanke, kada ya goge tagulla da toka ko lemun tsami kamar yadda matanmu suka saba. Takarda kuma kada a sa mata salatif, kada a naɗe ta a leda, zafin Ankara da danshinta za su dafa ta. Namu yanzu suna cikin kwali na musamman da saurayin ya kawo, kowace warƙa da farar takarda a tsakani, hotunansu kuma suna wayar kowane ɗa da jika har na Kumasi da na Jamus.

Bayan sallah da mako biyu aka kawo gyararren rahoto. Sunaye shida ne a bango, da taƙaitawa shafi uku da Hausa, boko da ajami, Malam ya rubuta ajamin da hannunsa. Gwaggo ba ta karanta boko, amma ta yi allo. Na miƙa mata, ta matsar da shi kusa da ido, ta bi layin da yatsa har ta kai kan sunanta da na kakarta mai sabulu. Ta ce a kira mata jikokin gidan duka bayan magariba, akwai sauran abin da ba ta faɗa wa 'yar nan ba game da rijiyar da aka cike a tsakar gida.